Takardarku ta ce "kawar da dodo", ba ta ce "kashe" ba

Falmata ta yi magana! Jikata mai in'ina, wadda ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta yi magana a gaban mutum bakwai ranar Asabar da ta wuce, ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya. Da kunnena na ji, ina zaune a bakin ƙofa ina jiran in mai da ita gida.

Zuwa ga Malama shugabar ƙungiyar wasan labari ta 'yan mata, Azare. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki yi haƙuri na fara da albishir, farin ciki ne ya rinjaye ni. Amma ina da kuka, kuma a fili zan yi shi don iyayen sauran yaran su ji.

Ga wanda bai san wasan ba: yara ne ke zama a tebur, Malama tana ba da labari, kowace yarinya tana da jarumarta a rubuce a takarda. Ana jefa ɗan lido, ana samun maki, da makin jaruma ke hawa mataki.

Na ɗaya. Jarumar Falmata mai tallan nono ce, ba ta da takobi. Mako tara ke nan tana mataki na biyu, masu takubba har sun kai na biyar. Ranar Asabar ɗin, a cikin labarin, dodo ya tare rijiyar gari. Masu takubba suka sare shi, bai faɗi ba. Falmata ce ta tambaye shi abin da ke damunsa, ta lallashe shi, ta nuna masa wani tafki, ya tashi ya tafi. Kika ce babu maki, don ba a kashe shi ba.

Na biyu. Kin sanar cewa tafiyar da jarumai za su yi a labarin Asabar mai zuwa ta 'yan mataki na uku ce zuwa sama. Falmata kaɗai wannan doka ta bari a baya. Tun da muka hau keke napep ta ninke takardarta, har yau Laraba ban sake jin muryarta sosai ba.

Na uku. Na karɓi takardar dokokinku. Ni da furfurata na koyi karatu, a ajin yamma na yaƙi da jahilci, saboda haka ba na tsallake kalma, da yatsa nake bi. Layi na huɗu cewa ya yi maki hamsin ga wadda ta "kawar da dodo". Na bi shi sau uku, ban ga "kashe" ba. Idan na kawar da akuya daga hanya, Malama, yanka ta na yi? Arba'in ya rage wa Falmata ta hau mataki na uku.

Akwai kuma abin da na lura da shi daga bakin ƙofa. Waɗanda suka hau da sauri yanzu ba sa tsoron komai a labarin, hamma suke yi. Ni shekara biyu na yi a aji ɗaya, malaminmu bai taɓa cewa in zauna a gida ba sai na kamo sauran.

Roƙona: a ba ta makinta kamar yadda kuka rubuta da hannunku. Nan gaba kuma a riƙa ɗaga su tare idan sun gama tafiya guda, mai takobi da mai baki.

Allah ya saka miki da alheri, ke kika buɗe bakin yarinyar nan. Allah ya ba ki ikon yin adalci.

Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo ta, da takardarta a aljihuna. Iyaye, maƙwabta, da masu cewa Falmata ba ta magana, duk ku zo. Idan Malama ta ja mata kujera, za ku ji abin da na ji.

Wassalam.
Kakan Falmata, Azare.