Jikata ta kawo mini babin ƙarshe in duba

Zuwa ga Malama mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonki, ko da yake ban saba kai kukana jarida ba. Ni tsohon malamin kimiyya ne, na yi ritaya, kuma a tsawon aikina ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da ba daidai ba.

Jikata, 'yar shekara goma sha biyar, tana hannuna tun da mahaifiyarta, wato 'yata, ta yi haɗarin mota ta shiga dogon suma. Yarinyar marubuciya ce. Takan ɗauki tsohuwar tatsuniya ta mayar da ita sararin samaniya, dodo ya koma mutum-mutumi, doki ya koma kumbo. Da farko na ɗauki abin shirme. Daga baya muka yi yarjejeniya: abin da kimiyya ta yarda da shi in sa masa alamar daidai da jan biro, wanda ba ta yarda da shi ba in soke. Na soke ƙarar fashewa a inda babu iska. Na soke tafiyar da ta fi haske sauri, ta yi fushi, ta laƙaba mini Sarkin Soke, sannan ta gyara. A teburin cin abinci muke wannan aiki, kuma a nan kaɗai nake jin dariyarta yanzu.

Labarin da take kai na wata sarauniya ne da aka sa wa barcin da ba a tashi. A nata tsarin, sarauniyar tana kwance cikin akwatin gilashi, na'ura tana yi mata numfashi, 'yarta kuma tana zaga duniyoyi neman magani. Jiya ta miƙo mini babin ƙarshe, inda sarauniyar ta buɗe ido. Ta ce in duba mata ko hakan zai yiwu, ba ta ko kalle ni ba.

Malama, likitoci sun riga sun nuna mini hoton ƙwaƙwalwar 'yata, na kuma fahimce shi kafin su yi bayani. Yarinyar dai na ce mata ana kan magani, wanda gaskiya ne a lafazi. In na sa alamar daidai, na yi mata ƙarya. In na soke, da hannuna na karya mata zuciya. Takardun suna nan ƙarƙashin tabarau ɗina.

Naki,
Tsohon Malami

Baba, sannu da wannan nauyi.

Tambaya biyu ta yi maka a takarda ɗaya. Ta labarin mai sauƙi ce: sarauniyarta ce, tana da ikon tashinta, kada ka taɓa babin. Ta biyun kuwa, wato ko mahaifiyarta za ta farka, ba da biro ake amsa ta ba.

Na fahimci shirunka, tausayi ne, kuma rai a hannun Allah yake, ba a hannun likita ba. Amma yarinyar da ta rubuta na'urar numfashi ta ga abin da ta gani a asibiti. Kai ta zaɓa ta tambaya domin ba ka taɓa yi mata ƙarya ba. Idan ta tsinci maganar a bakin 'yan dubiya, za ta rasa wanda za ta sake yarda da shi.

Ka zaunar da ita cikin makon nan, tare da wata inna ko gwaggo da ta saba da ita. Ka faɗi abin da likitoci suka ce a sauƙaƙe, ka faɗi abin da ba su sani ba, ka bar ta ta yi kuka. In tana so, ku je ta karanta wa mahaifiyarta labarin a bakin gado.

Sai abu ɗaya, Baba. Duk tsawon wasiƙarka ba ka ce komai game da naka baƙin cikin ba, alhali 'yarka ce a kwance. In hawaye ya zo maka a gaban jikarka, kada ka tashi ka shige ɗaki.

Allah ya ba mara lafiya sauƙi, ya sanyaya muku zuciya ku biyun.