Ƙato, Ɗan Ƙarami da Teburin Yanka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da kyamarorin mutane da kike farkewa kullum. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiki ba tabarau.

Direba zai ba ki ƙunshi tare da wannan takarda. Ki karɓa da hannu biyu don Allah, ba nawa ba ne tukuna. Gilashin kyamara ne. Mai sayar da kayan hoto ya ba ni guda biyu in gwada, in zaɓi ɗaya in mayar masa da ɗaya. Dukansu 'yan milimita hamsin ne, ba sa zuƙowa, ƙafar mutum ce ke matsawa. Wanda na aiko miki shi nake kira Ƙato, idonsa yana buɗewa sosai ya sha haske, har lamba ɗaya da ɗigo biyu. Ɗayan kuma Ɗan Ƙarami, bai kai shi buɗewa ba, ɗaya da ɗigo takwas, bai fi kofi nauyi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Ƙato nake so. Kin san aikin da na samu a shagon ɗinkin nan: duk Asabar a sanya wa mutum-mutumi sababbin kaya in ɗauka, mai shagon ta ɗora a waya masu saye su gani. Shagon dogo ne kamar lungu, tagarsa ɗaya tak, can ƙarshe. Ɗan hasken nan Ƙato yake sha, ya narkar da kekuna da tarkacen da ke baya, riga ta tsaya ita kaɗai gwanin kyau.

To amma fa idan ya ga dama. Saitin da yake yi da kansa ba shi da amana. Wannan Asabar ɗin kusan rabin rigunan sun fito dishi-dishi, bayan shagon kuwa tar. Mai shagon ta duba, ta ce, "Mai hoto, riga na ce ka ɗauka ko bango?" Ta ba ni Asabar biyu in gyara, in ba haka ba ta nemi wani. Yaya, wannan ne aikin farko da na samu mai ɗorewa, in ya kuɓuce ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

Ki duba min shi, ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwarka ta iso, ƙunshin ma ya iso lafiya. Ka ce wa Inna tabarau yana hancina yanzu haka.

Na ɗaura Ƙaton naka a kyamara irin taka. Na jera batura biyar a tebur, na kwantar da rula a gefensu, na ɗauka sau hamsin. Da rana bai kuskure ko ɗaya ba. Da na saki labule ya kuskure huɗu, kuma kafin ya kama sai ya yi ta kai da komo kamar mai neman makulli a aljihu. Ba lalacewa ba ce, gilasan cikinsa ne masu nauyi, injinsa kuma dole ya tura su. Sannan idan ka buɗe shi gaba ɗaya, wurin da ke fitowa tar bai fi faɗin yatsa ba. Na gwada a kan maigidan yana karatu: hancin ya fito har da gumi, idanun kuwa sai a hankali. Ya ce in goge, ban goge ba.

Ga abin da ban gane ba. Huɗu cikin hamsin daban, rabi daban. Kuma mutum-mutumi ba ya gudu, Auta, ba ya atishawa, ba ya juya kai. Yaron goye ma zai iya saita shi.

Asabar mai zuwa ka yi aiki da Ɗan Ƙarami, shi ba ya dogon tunani. In ka gama ka aiko min da katin kyamarar yadda yake, kada ka goge komai. Ƙato zai zauna a wurina ya huta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a gajarce, don raina a jagule yake.

Ɗan Ƙaramin ma ya yi. Sauri kam yana da shi, kafin ka taɓa ya kama. Amma cikin hoto ɗari da arba'in, talatin da wani abu sun sake tsallake riga sun tafi bayan shago. Na fara tunanin kyamarar ce da kanta.

Mai shagon ta tsare ni sai na yi mata bayani. Na ce kyamarorin yanzu suna bin abin da ke motsi da abin da ke ƙyalli, kuma can bakin taga akwai teburin yanka, mai yankan tana aiki da almakashi, rana tana dukansa. Wallahi bayani kawai na yi. Kafin in rufe baki ta sa an ciccibi teburin an kai sito. Yaya, siton nan ba taga, ƙwan lantarki ɗaya ne a sama, ga zafi, ga ƙurar yadi.

Mai yankan ta miƙe. Ta ɗauki allinta da tef ɗin da take ratayawa a wuya, ta bi teburin. Ita fa ba ta da hayaniya. Idan za ta yanka yadi mai tsada sai ta cije leɓe ta ƙasa, ta shafa shi sau biyu da bayan hannu, sannan ta sa almakashi, kuma ba ta tsayawa sai ta kai ƙarshe. Aiki irin wannan yana son haske. Yau na leƙa na ga tana kai yadin kusa da fuska don ta ga layin alli. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Mai shagon ta ce yanzu da babu mai motsi a baya, ba ni da sauran uzuri. Asabar ɗaya ta rage. Ga katin nan cikin ambulan, na naɗe shi da takarda. Wanne zan riƙe, Ƙato ko Ɗan Ƙarami? Ko kyamarar zan aiko miki?

Auta

*

Autan Inna,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙonka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Na buɗe katin. Ba na wannan Asabar kaɗai ba, har na makonnin baya duk suna ciki. Akwai abin da ƙila ba ka sani ba: kowane hoto yana ajiye shaidar inda aka ɗora ɗan akwatin saiti, wannan koren da kake turawa da babban yatsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoto casa'in da biyu, akwatin ba ya kan riga, ba ya kan bango, ba ya kan almakashi. Yana kan fuskar mutum ɗaya, wata mai tef a wuya. A wasu ma kan idonta na dama yake, daidai yadda na koya maka.

Na tafa maka, saitinka ya yi kyau. Ko ɗaya ba ka kuskure ba.

Tun kana aiki da tsohon gilashinka kake yin haka, sai dai shi ba ya buɗewa sosai, gaba da baya duk fitowa suke yi, shi ya sa ya rufa maka asiri. Waɗannan biyun ba su iya rufa asiri ba. Na san ba da gangan kake yi ba. Ka ɗaga kyamara don riga, ido ya tafi taga, yatsa ya bi ido. Ni da ban taɓa ganinta ba, daga wasiƙarka na san sau nawa take shafa yadi. Rigunan da aka ɗauke ka dominsu kuwa ko launin ɗaya ba ka faɗa min ba.

Na yi dariya har maigidan ya leƙo. Amma da na tuna siton sai dariyar ta tsaya. Baiwar Allah tana can tana kashe idonta saboda laifin da ba nata ba, ba na almakashinta ba. Za ka iya yin shiru, ranar Asabar hotuna su fito tar tunda ba ta wurin, aikinka ya tsira. Za ka iya kuma buɗe baki, ƙila aikin ya tafi. Wannan ba gyaran da zan yi maka ba ne.

Maganar gilashi kuwa mai sauƙi ce. Don aikin shago ka riƙe Ɗan Ƙarami, ka ɗan tsuke shi, ba zai ba ka kunya ba. Ga Ƙato nan na dawo da shi tare da katinka, ka mayar da Ƙaton wurin mai shi, ka kuma ba shi haƙuri a kan ƙazafin da ka yi masa.

Yayarka mai ƙaunarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana biyu na yi ina fushi da ke, na uku na buɗe hotunan da kaina. Ba sai na ce komai ba.

Ranar Asabar na isa da wuri. Na samu mai shagon tana ƙirga maɓallai, na ce ina da magana. Na so in faɗa a hankali, sai kekunan ɗinki suka tsaya duka a lokaci ɗaya, kamar an ɗauke wuta. Na ce, "Anti, kyamara ba ta da laifi, almakashi ma haka. Ni ne nake kai saitin can." Ta ce, "Can ina?" Na nuna inda teburin yake a da. Ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce, "Au." Sai wata mai ɗinki ta tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Na ɗauka kora ce. Mai shagon ta ce, "Tunda kai ka kai tebur sito da bakinka, ka dawo da shi da hannunka." Yaya, katakon nan ya fi ni nauyi. Na ja, na tura, na ɓare gwiwa a bakin ƙofa, ba wadda ta taya ni, ga su nan jere suna ba ni shawara.

Sannan aka yi aiki. Mai shagon ta tsaya a bayana, idonta a kan babban yatsana. Da ya motsa sai ta yi gyaran murya. Riga goma sha takwas, da Ɗan Ƙarami, kowane zare ya fito. Ta ce in dawo Asabar mai zuwa, da ta bayanta. Aiki ya tsira, ki gaya wa maigidan. Ƙato ya koma wurin mai shi, na shafa shi kafin in miƙa.

Mai yankan ta kira ni da aka tashi. Ta ce, "Mai hoto, kana tsammani mutum ba ya sanin ana kallonsa? Wata guda ina fama kada in yanke yatsa." Ta karɓi kyamarar ta duba su duka, ta ce ba a ɗaukar mutum sai an tambaye shi. Gaskiyarta. A gabanta na goge casa'in da ɗaya. Ɗayan ta ce in wanko mata, za ta kai wa babarta.

Na gaya mata ke kika tona ni. Ta ba ni wata 'yar takarda a liƙe ta ce in sa miki a ambulan. Ban buɗe ba, kuma don Allah ki faɗa min abin da ke ciki.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya mai gyara,

Ina gaishe ki da kyau duk da ba mu taɓa haɗuwa ba. Na gode da tagata.

Ƙaninki ya nemi izini ya ɗauke ni hoto, na ce ya ajiye kyamarar ya yi magana da bakinsa. Ya buɗe baki sau uku, abin da ya fito shi ne wai almakashina yana da kaifi. Na ce masa yana da lokaci har in gama yanka kayan da ke kan teburina, daga nan na rufe maganar.

Kada ki gaya masa, amma a hankali nake yankawa.

Taki,
Mai yanka