Gurnanin Jitar Haruna

Litinin, 10 ga Mayu, 1999

Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da Kagoro. Washegarin da muka rufe yayana Haruna na shiga mota da jitarsa a cinya, ban sake komawa ba. Bayan wata uku sojoji suka rage ma'aikata, sunana yana cikin takarda. Har yanzu Mama ta ɗauka ina ofis. Ba ta san ina fama da 'yan aji uku a wata 'yar makaranta a Darmanawa ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Jiya bayan sujada Jonathan, shugaban mawaƙan majami'armu, ya ja ni gefe. Mutumin da ni na koya wa danna tsirkiya. Wai, "Baba Filibus, jitar nan gurnani take kamar tsohon firji." Ranar biyar ga Yuni za a ɗauki kaset ɗinmu a cikin majami'a. In ban gyara ta ba, fiyano zai maye wurina.

Cikin ladabi ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma tana gurnanin. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Tun Kirsimeti na rubuta wa Mama cewa za ta ji jitar Haruna a kaset. Idonta ya tafi, kunne ya rage mata. Kaset ɗin ne zai je gida a madadina.

Laraba, 12 ga Mayu

Fikof ne, na tabbata. Abubuwan nan uku da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, maganaɗisu da siririyar waya a naɗe, su ne kunnuwan jita. Na ainihin sun mutu tun ina sakandare, Haruna ya sake naɗe su da kansa a keken ɗinkin Mama, sannan ya tsoma su a narkakken kakin zuma don kada su yi kuka. Kwana tara yana abu ɗaya, Mama tana faɗa ya hana ta ɗinki. Aikin ƙauye. Shekara ashirin ai ya isa.

Na kai ta wurin Malam Inuwa mai gyaran rediyo, nan bakin titin Gyadi-Gyadi. Na same shi ya gama alwala yana zuba ragowar ruwan buta a kan wani guntun rodi da ke kafe a bayan rumfarsa. Kowa da irin tasa, na ce a raina.

Ya auna su da mita ɗaya bayan ɗaya, ya jona a lasifikarsa. Shiru, ba gurnani.

"Mai gurmin Turawa, kayanka lafiya lau suke. Wa ya naɗa su? Hannunsa na da kyau."

Na ce lasifikarka ce ƙarama, ba ta da ƙarfin da za ta tona asiri. Ya ce to in kai shi inda take gurnanin ya ji da kunnensa. Na ce ba sai ya wahala ba. Gaskiyar ita ce ban ga yadda zan shiga majami'a da mai rawani a bayana ba, ga dattawa da idanu. Kuma na riga na yanke hukunci tun kafin in zo.

Alhamis, 13 ga Mayu

Ko'ina hirar mulkin farar hula. Wai komai zai gyaru. Za su mayar min da teburina ne?

Asabar, 15 ga Mayu

Sabon Gari, kantin kayan kiɗa. Rana kamar ta fasa kai.

Mai kantin ya baje min fikof iri biyu. Akwai tagwaye, layi biyu a haɗe, ya ce an yi su ne musamman don kashe gurnani, muryarsu kauri ce. Amma sun fi ramin jitata faɗi, sai an sa kurfi an fafe itacen. Na ce a'a. Ba mai sassaƙa min jitar Haruna.

Sai masu layi ɗaya, farare ƙal, a cikin kwali mai rubutun Japan. Ya ce ƙarfinsu ya ninka nawa, "ko a bayan coci kurma yake sai ya ji ka, oga." Na ce in gwada. Ya ce ba a buɗe kwali. To ta yaya mutum zai zaɓi murya bai ji ta ba? Na daɗe ina juya kwalin a hannu kamar zai yi magana.

Abin da ke aljihuna bai kai ba. Ya ce in bar masa tsofaffin ya yi min ragi. Nan take ya sa sukuddireba ya ciro su. Da ya ɗaga na wajen wuya, ƙamshin kakin ya bugi hancina. Na kau da kai.

Ya jefa su a kwalin tarkace. Na ji ƙarar faɗuwarsu.

Talata, 18 ga Mayu

Malam Inuwa ya liƙe sababbin da dalma. Sai da ya gama sannan ya tambayi ina tsofaffin. Na faɗa masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya kyauta."

Na kaɗa. Ƙarfi kam akwai. Amma muryar, kamar ana buga cokali a farantin tasa. Ta Haruna tana da wani laushi a ƙasa, kamar mutum na magana a cikin ɗaki. Na ce wa kaina kunne zai saba.

Alhamis, 20 ga Mayu

Gwajin waƙa a majami'armu ta Tarauni. Ina jonawa gurnanin ya cika majami'a, ya fi na da. Ninki biyu, kamar yadda mai kanti ya yi alkawari. Mata suka toshe kunne. Wani a layin baya ya ce jirgi zai sauka.

Jonathan bai yi dariya ba. Da ma ya yi.

Lahadi, 23 ga Mayu

Ban kaɗa ba yau, na zauna cikin jama'a kamar baƙo. Fiyano ya maye wurina, kuma ba laifi, sai dai ba rai.

Ana cikin waƙa Lydia, mai ba da waƙa, ta yi tsalle ta saki makirfo. Wai ya ja ta a leɓe. Ta ce ai tun da muka dawo sabon gini a Fabrairu yake yi mata haka, ta gaji da faɗa, ana ce mata tsoro ne.

Fabrairu. Na zauna ina lissafi. A tsohuwar rumfar da muke sujada jitar nan ba ta taɓa gurnani ba. A ɗakina ba ta yi. A wurin Malam Inuwa ba ta yi ba.

Ga wasiƙar ƙanwata Jummai kuma ta iso jiya. Mama na tambaya yaushe kaset zai zo. Wai ta ce ko cikin jita ɗari za ta gane ta Haruna, domin kakinta ne a ciki.

Ban ci abinci ba.

Alhamis, 27 ga Mayu

Na ajiye girman kai na je na ɗauko Malam Inuwa. A bakin ƙofar majami'a ya tsaya yana shirin cire takalmi. Na ce ba sai ya cire ba. Ya ce, "Ɗakin ibada ne, Malam Filibus." Ya ajiye su gefe. Amma da ya zo taɓa kayan wuta sai ya aika a kawo masa takalman, ya ce ladabi daban, ganganci daban.

Ya ɗora ɗan abin gwajin wutarsa a jikin makirfo, fitilarsa ta kama ja. Ya buɗe soket: waya biyu. Ta ukun, wadda ke kai ragowar wuta cikin ƙasa, babu ita. Duk ginin haka. Wanda ya yi aikin ya cinye ta, ko ya manta, Allah ya sani.

"Wutar da ba ta da hanyar ƙasa, jikin kayanku take bi. Jitarka gaskiya take faɗa muku tun Fabrairu, kai kuma ka cire mata kunne."

Ashe rodin nan na bayan rumfarsa shi ne hanyar ƙasar. Ruwan butar da yake zuba masa don ƙasar ta zauna da danshi ne. Ni da na yi masa kallon mai camfi.

Dattawan da nake tsoro su suka kawo masa kujera da ruwan sanyi. Muka haƙa rami a bayan gini, ƙasa kamar dutse. Jonathan ya tuɓe riga ya karɓi diga, shi ya yi mafi yawan aikin, dole in rubuta wannan. Rodi, gawayi, gishiri, ruwa jarka biyu. Aka ja waya.

Na jona. Shiru. Har fanka ana ji.

Kowa na tafi, Lydia har da guɗa. Jonathan ya ce, "Baba, wurinka na nan." Ni kuwa ina tsaye da jita mai muryar farantin tasa. Gurnani ya tafi, Haruna ma ya tafi, kuma da hannuna.

Asabar, 29 ga Mayu

Yau aka rantsar da farar hula. Gari duk ya taru a gindin rediyo da talabijin. Ni ina Sabon Gari tun ƙarfe takwas.

Mai kanti ya ce wane tsofaffi? Sai da na tsaya masa a ka ya tuna ya ba wani Ƙasimu mai naɗin fanka a layin baya, shi ke kwashe tarkacensa saboda waya.

Na samu Ƙasimu da mutane cike da rumfarsa ana jin jawabi. Ya ce in bari a gama. Na ce shekara huɗu ina jiran mutanen nan, ba zan ƙara musu minti ɗaya ba. Aka yi dariya, ya turo min wani baho da ƙafa.

Na durƙusa ina tonawa, ana buga taken ƙasa a kaina. Na wajen gada, can gindin tsirkiyoyi, ya riga ya farke shi, wayar ta zama curi, ya ce ta yi sirara ba ta da amfani. Na tsakiya ya ɓalle maganaɗisun ya ba 'ya'yansa wasa, saura fanko. Na wuya na samu a can ƙasa, ya manne da wani murfin gwangwani. Lafiyarsa ƙalau. Na kai hanci.

Ƙasimu ya ce, "Malam, zinariya ce?" Na ce na yayana ne, ya rasu. Ya rage rediyon, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ƙi karɓar komai. Har curin wayar ya naɗe min a takarda.

Ban tsani mai kantin ba. Bai ƙwace ba, ni na miƙa.

Talata, 1 ga Yuni

Malam Inuwa ya mayar da na Haruna a wuya, sababbin biyu suka zauna a tsakiya da gada. Ya ce sabon ya fi tsohon ƙarfi, sai ya nutsar da sababbin ƙasa da sukuru, ya ɗago tsohon kusa da tsirkiya har suka daidaita. Awa guda yana juya sukuru ina kaɗawa.

Da na mayar da makunni wajen wuya na sauke yatsa, sai ga ta. Ba duka ba. Amma ita ce.

Ya ce, "To, mai gurmi, yau ka yi shiru." Na ce ƙura ce ta shiga min ido. Ya ce ai kuwa jiya aka yi ruwa.

In faɗi gaskiya, na gadar sabon ba shi da laifi a waƙa mai sauri. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Asabar, 5 ga Yuni

An ɗauka. Waƙa takwas. Kafin a fara na zagaya baya na zuba wa rodin ruwa kofi ɗaya, Lydia ta gan ni ta ce Baba ya shiga wani addinin.

A waƙa ta huɗu Jonathan ya ɗaga wa mai fiyano hannu ya tsaya, ya bar ni ni kaɗai. Ba mu shirya haka ba. Na yi kuskure ɗaya. Ya ce a bar shi.

Litinin, 14 ga Yuni

Kaset ya fito. Na ji shi sau uku. Wani direba zai tafi Kafanchan ranar Alhamis, ya ce in kawo saƙo. Ban kai ba. Kaset abu ne mai saurin lalacewa a hannun mutane, rana ma narkar da shi take. Kuma in Mama ta ji waƙoƙin sauri za ta ce wannan ba ta Haruna ba ce, dole wani ya kasance a wurin ya yi mata bayani. In an fara bayani kuma, ban san inda zai tsaya ba. Wataƙila har ofis.

Na bi ta tasha da yamma na tambayi ƙarfe nawa motar farko ke tashi. Tambaya kawai na yi. Hutun makaranta saura mako shida.

Abin da na iya cetowa: fikof ɗaya cikin uku. Fanko ɗaya. Curin waya a takarda. Daƙiƙa arba'in a waƙa ta huɗu.