Asalin Sunan Kadi

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.
14 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Safiyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Jannat da 'yarmu Khuzaima, wadda har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah Ya ba ku juriyar sanyin Sikotilan, Ya tsare muku imaninku, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi kyau a Zandam, an yanke gero, dawa ta fitar da kai, shanu sun yi ƙiba har ɗan'uwanmu Saifullahi yana kukan ba sa jin magana. Dada tana nan da ciwon gwiwarta, amma ba ya hana ta kai nono kasuwa. Babban labari kuma, an yi wa mahaifinmu Baffa aikin yanar ido a asibitin nan na Birnin Kudu, kuma alhamdu lillahi ido ya buɗe. Kwana shida suka yi a gidana shi da Dada.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga wurina, ni da ko saƙon waya nake ƙyuyar rubutawa. Na ɗauki waya sau uku zan kira ka ina ajiyewa, don na san muryata ba za ta kai ƙarshen zancen ba. Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ba sai na tuna maka yadda kuka rabu da Baffa ba, amma bari in faɗa don ka ga inda zancen ya dosa. Shekara huɗu ke nan da ka gama karatunka na ƙasa da ciyawa, yana nan yana gaya wa mutanen ruga ɗansa zai dawo ya gyara musu burtali da makiyaya, sai ka bugo ka ce ka samu aikin kula da filin golf na wani tsohon otal a bakin teku. Ina wurin ya ce shi bai haifi ɗan da zai shayar da ciyawar da saniya ba za ta ci ba, don wasu ƙattai marasa aikin yi su riƙa bin ƙwallo da sanda. Ya ce ka bar garken Kadi ka zama bawan ciyawa. Tun ranar bai sake karɓar wayarka ba, ya kuma ce shanun da aka ba ka tun ranar sunanka a haɗa wa Saifullahi. Kai ma da taurin kan gado ka ce ba ka zuwa gida sai ya kira ka. In faɗa maka gaskiya, a lokacin rabin zuciyata tana wajen Baffa, don ni ma ban ga abin yi ba a yanka ciyawa a zubar.

To, ka tuna bidiyon da ka turo mini na cikar filinku shekara ɗari da talatin, tare da muryarka kana fassara mini? Kwana biyu da cire wa Baffa bandeji, da hantsi, ina zaune bakin ƙofar ɗaki ina kallo. Na rage murya don kar ya ji, yana can kan tabarma a inuwa. Ina sauraron yadda ka ce da jirgin ƙasa ya iso garin ne aka gina otal ɗin don masu zuwa hutu, aka shimfiɗa filin a kan tuddan yashi. Ka ce a farko tumaki ne suke aske ciyawar da bakinsu, wai har ramukan yashin nan makwancinsu ne inda suke fakewa daga iska. Ka ce lokacin yaƙi an nome rabin filin an shuka abinci, kuma filaye irinsa da yawa sun zama gidaje, naku yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Na manta cewa mutumin da ya shekara biyar yana lalube kunnensa ya fi na kowa. Ban ankara ba sai na ga hannunsa a miƙe. Na ce yau wayata ta shiga rijiya.

Bai jefar ba. Ya kawo ta kusa da sabon idonsa ya ƙura. Da aka nuna tsohon hoto na masu ɗaukar jakunkunan sanduna, sai ya nuna ɗaya da yatsa ya ce wannan sabon shiga ne, ya rataya jaka baki a baya, sanduna za su zube masa. Na ɗauka zafin magani ne yake sa shi sambatu. Can aka nuno wani Bature zai buga, tun ƙwallon ba ta tashi ba Baffa ya yi tsaki, ya ce ya ɗaga kai da wuri, hannun dama za ta yi. Yaya, ƙwallon nan dama ta yi, ta faɗa cikin ƙaya! Na dube shi, na dubi Dada da take tsince wake. Ko kai ba ta ɗaga ba, sai cewa ta yi, to Malam Dabo, tunda ka fara sai ka ƙarasa.

Ga abin da ya faɗa, ina rubuta maka yadda na ji. Mun taso ana gaya mana cewa bayan annobar bushiya ta cinye garken kakanmu a shekarar 1983, Baffa ya tafi ƙasar Jos ya yi shekara biyar yana kiwon shanun wani attajiri, da ladan kiwo ya dawo. Ashe babu wani attajiri. Ya ce ya je ya tarar da Fulani irinsa birjik suna neman kiwo, babu mai ɗauka. Ya yi dako a tasha har kafaɗarsa ta saɓule, sannan wani ya kai shi wani tsohon filin golf a bayan gari, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa tun kafin a haifi kakanmu, da masaukin baƙi a gefensa inda manya suke zuwa shan iska. Nan ya shekara biyar yana ɗaukar wa mutane jaka, yana bin su rami goma sha takwas, yana gano musu ƙwallo a cikin ciyawa. Ya ce idon da ya saba hango maraƙi a cikin daji bai taɓa ɓatar da ƙwallo ba, har rububinsa ake yi. Ya ce a wancan filin babu ciyawa a bakin rami, yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai, in an buga sai a ja buhu a kai a share sawu. Wani tsoho da ya yi aiki a wurin tun zamanin Turawa shi ya koya masa komai, har da bugu, in masu wasa sun watse.

Na ce to Baffa, ai neman halal ne, me ya kai ga ɓoyewa shekara arba'in? Sai ya ce wata rana da rani wani garke ya ɓalle ya shigo filin, farare tas irin na mahaifinsa, yunwa ta fito musu da haƙarƙari, suka duƙufa kan ciyawar da ake ba ruwa. Aka ce ma'aikata su kore su. Sauran suka bi su da jifa, shanu suka watse. Shi kuwa bai san lokacin da bakinsa ya yi kiran nan na makiyaya ba, sai ga garken duka ya juyo ya bi bayansa, ya fitar da su daga ciyawa ya kai su kan tsandauri. Mai shanun, wani dattijo, ya dube shi da jakar wani a kafaɗa, ya tambaye shi da Fillanci ɗan waye shi, don wannan kira ba na ɗan dako ba ne. Baffa ya ce ya amsa masa da Hausa cewa ba ya jin abin da yake faɗa. Ya ce tun daga ranar, duk sanda ya rufe ido sai ya ga kansa yana raba yunwatattun shanu da ciyawa, yana kuma musun ubansa. Da ka bugo ka faɗi aikin da ka samu, ya ce ba kai ya gani ba, kansa ya gani, kuma kansa yake zagi. Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar, har na riƙa roƙonsa ya bari don likita ya ce a kiyaye idon.

Ban gama farfaɗowa ba ya ƙara mini wata. Ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ake kiran uwar garkenmu Kadi, wadda duk fararen shanunmu jikokinta ne. Na ce wa bai sani ba, sunan Goggo Kadijatu ne, ƙanwarsa da ta rasu yana can. Ya girgiza kai. Ya ce da ya dawo ya sayi karsanar a kasuwar Gwaram da guminsa na shekara biyar, aka tambaye shi sunanta, bakinsa ya suɓuce ya ce Kadi. Haka ake kiran mai ɗaukar jaka a filin golf, haka aka kira shi safe da yamma har ya kusa manta sunansa. Mutane suka ce Allah sarki, ya tuna da 'yar'uwarsa, shi kuma ya yi shiru. Yaya, ka ji fa! Nonon da muka sha, sadakin Dada A'i matar Baffa ƙarami, kuɗin makarantarka, kayan ɗakina, duk daga jakar golf suka fito. Mu kuma muna ta alfahari da garken Kadi, har ana yi maka gori da shi.

Na juya kan Dada na ce ashe da ke aka haɗa baki. Ta ce tun daren da ya dawo ya gaya mata, ta kuma riƙe masa, don ba a tona namiji a gaban 'ya'yansa. Amma ta ce shekara huɗun nan tuwo bai yi mata daɗi ba, kullum tana ce masa fulakon nan ya isa haka, yana ce mata gobe. Sannan ta tambaye ni sandar macijin da take bayan ƙofa, mai kan ƙarfe a karkace da lamba bakwai a jiki, wadda muke kaɗo tsamiya da ita, har kai ka taɓa fasa mini goshi da ita, ina tsammanin maƙerin Zandam ne ya ƙera ta? Wani tsohon ɗan wasa ne ya ba Baffa ranar da zai taho. Kai da kake ganin irinta kullum, yaya aka yi ba ka taɓa tunawa ba?

Ranar Asabar na raka su gida. Bayan la'asar ya ce a miƙo masa sandar, ya sa Saifullahi ya samo goruba busasshiya, muka bi shi fadama. Ya tuɓe babbar riga, ya gyara tsayuwa, ya ɗan karkaɗa ƙugu, har na rufe fuska don kunya, tsoho ɗan shekara saba'in a gaban surukai. Sai ji muka yi ƙwas! Gorubar nan ta tashi ta haye tsamiyar bakin rafi ta sauka a hayi. Malam Maikuɗi da yake dawowa daga gona ya saki fartanya yana salati. Kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba, Baffa kuma bai ɓoye wa kowa ba, duk wanda ya zo sai ya zaunar da shi ya ba shi tun daga farko. Daga nan ya shiga garke da ƙafarsa, ya ware shanunka guda tara da 'yan maruƙansu, ya ce wa Saifullahi amana ce a hannunsa har mai su ya zo. Saifullahi ya ce dama bai taɓa ɗaukarsu nasa ba.

Yaya, yanzu saura kai. Na san an ɓata maka, kuma na san irin zuciyarku ɗaya. Amma likita ya gaya mini a gefe cewa ɗaya idon ya riga ya tafi, wannan ɗin ma jijiyarsa ba ta da ƙarfi, ba wanda ya san shekara nawa zai yi yana gani. Baffa bai taɓa ganin fuskar Khuzaima ba sai jiya a wayata kafin in baro Zandam, ya daɗe yana shafa gilashin. Don Allah kar ka tsaya jiran wa zai fara kira. Ka nemi hutu ku taho, ko da sati biyu ne.

Dada tana gaishe ku, ta ce ta ajiye wa Jannat man shanu. Saifullahi da iyalinsa, Baffa ƙarami da Dada A'i, Ummussalma, da maigidana Abdulnasir duk suna gaisuwa. A shafa mini kan Khuzaima.

Na bar saƙon Baffa a ƙarshe don haka ya umarta. Na ce ya bari in kira ka ya faɗa da bakinsa, ya ce ba zai iya ba tukuna, in rubuta, kuma sai da ya sa na karanta masa sau biyu don kar in gyara. Ya ce ka taho masa da farar ƙwallo guda ɗaya, goruba tana ɓata bakin sanda. Ya ce kuma in gaya maka, kadi yana gaida mai ciyawa, yana roƙonsa ya yafe masa.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Munawwara Dabo.