Hular Banki

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya maigidanki da yara? Ya Inna, ya kuma gwiwar Baba, tana barinsa ya yi sallah a tsaye? Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san Baba, da ya ji ni ce a waya sai ya ce a ƙara murya kowa ya ji.

Yaya, na yi abin da ba a sa ni ba. Kin tuna Baba ya ce in buɗe asusu a bankinsa, tsohon bankin nan da ke kallon shagonsa na gyaran agogo? Wallahi na je na duba reshensu na nan. Yana can bayan tasha, sai an shiga mota, ga layi har waje. Su kuwa ma'aikatan wani sabon banki rumfa suka kafa a ƙofar makaranta, na'urar cirar kuɗinsu tana ƙasan benen da muke kwana, da silifas ma sai in sauka. Kuma ba sa yankar wa ɗalibi komai. Abokiyar ɗakina, wadda muke ce wa Lauya don ba a kayar da ita a musu, ta ce duk wadda ta bar wannan ta tafi bayan tasha, a duba kanta. Kafin in farga har an ɗauke ni hoto, an miƙo mini kati da hular hana-sallah kyauta.

Ga hular nan a ƙunshi, lambar asusun tana ƙasa. Ki fara ba Baba hular, in ya yi dariya sai ki ba shi lambar. Ki tuna masa ƙarshen wata ake rufe rajista, wanda bai biya ba sai baɗi.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a jikina yake ba.

Har yau shiru, kuɗin makaranta bai shigo ba, ga shi jibi ake rufewa. Na yi ta sauka wurin na'urar nan har maigadi ya fara yi mini sannu da aiki. Na kira Baba, abin da ya ce kawai in kwantar da hankalina, ana kai. Ana kai ina?

Lauya ta ce me zai hana ya turo ta waya, ko ya ba masu rumfar tura kuɗi na bakin titi. Dariyar takaici na yi. Ba ta san Baba ba! Mutumin da sai ya miƙa kuɗinsa da hannunsa a kanta, ya ga an buga hatimi, ya ɗaga takardar ya duba ta a haske kamar cikin agogo. Ina faɗin haka sai na tuna ban taɓa tambayar ko bankin nan yana da reshe a garinmu ba. Na ruga rumfarsu, suka ce akwai, amma ba wanda ya san unguwar.

Yaya, ki gaya mini gaskiya, fushi yake yi da ni? In fushi ne ya yi mini faɗa, na cancanta, amma kada shekara guda ta tafi a banza saboda hula.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da yara. Ki gaida Inna, ki ce mata sannu da jinya.

Kuɗin ya shigo ranar ƙarshe, na yi rajista ana shirin rufe taga. Har rawa muka taka da Lauya a ɗaki. Sai ga wasiƙarki.

Ashe reshen sabon bankin yana can ƙarshen gari, sai an canza mota, kuma a saman bene yake. Ashe Baba rufe shago ya yi ya tafi, ya tarar na'urarsu ta tsaya, ya dawo, washegari ya sake komawa. Da gwiwar nan, Yaya! Inda kika ce hular ya sa, wai ko za su gane shi nasu ne su ba shi kujera, kuma ba wanda ya ko kalle shi, nan na kasa ci gaba da karatu. Yanzu a zaune yake sallah, kuma ya ce kada a gaya mini. Ni ina nan ina zargin fushi yake yi. Duk lissafin sauƙin da na yi, da ƙafata na auna shi, ban tuna da ƙafar mai kawowa ba. Kunya ta ishe ni.

Yau da safe na shiga mota na tafi bayan tasha, na bi layin nan har ya zo kaina, na buɗe asusu a bankin Baba. Lauya ce ta raka ni, kuma karon farko tun da na san ta, ba ta yi musu ba.

Ga sabuwar lamba a ƙasa. Don Allah kada ki gaya masa dalili, kin san ba ya son a tausaya masa. Ki ce sabon bankin ne ya fara yankar mini kuɗi. Ki bar shi ya ce ai dama ya faɗa mini, ya yi ta faɗa har ya gaji. Daga kujerarsa zuwa kantar bankinsa, titi kawai zai tsallaka.

Ƙanwarki har kullum,
Auta