Irin Geron Baba da Tarin Inno

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Surayya da yara, Ya kuma sa albarka a nemanka a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Maigidana yana nan yana fama da kasuwar hatsi, Yasmin ta shiga aji uku, surutu kuwa sai abin da ya ƙaru. An yi kaka lafiya, gero ya yi kyau a garinmu Rawayau. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya, da ka ce Allah Ya sawwaƙe shi ke nan magana ta mutu.

Maganar Inno ce. Tarin nan ya dawo, ya ma fi na bara. Na kai ta asibiti aka yi mata hoton ƙirji, likita ya ce huhunta kamar na wanda ya daɗe yana shan taba. Ka san Inno, sai da ta yi salati ta ce yaron nan ba shi da ta ido. Ya yi mata bayani cewa hayaƙin kara da itace ne, kuma in ba ta rabu da shi ba magani ba zai yi komai ba. Na riƙe ta a wurina, inda muke girki da gas, kuma wallahi Yaya da ka ga yadda ta murmure. Ta daina barci a zaune, tana zuwa gidan suna da ƙafarta, har faɗa ta koma yi mini, ka kuwa san in Inno tana faɗa to da sauƙi.

Da ta koma gida na bi ta da tukunyar gas ɗin da ka aiko, na koya wa matar Sa'idu ɗan Kawu yadda ake kunnawa. Suna girki da ita, ban ce ba sa yi ba. Amma ranar da na je ba zato, tun daga zaure na hango hayaƙi yana fita daga tsohon ɗakin girki. Na tura ƙofa na tarar da Inno a durƙushe tana hura kara a murhu, babu tukunya a kai, idanunta jawur. Ashe geron iri take yi wa hayaƙi, zangarniyar nan da ake ratayewa a saman murhu tun zamanin marigayi Baba don kada ƙwari su ci. Tunda girki ya bar ɗakin sai ta mai da hura wuta aikinta safe da yamma, tana kuma rufe ƙofa wai kada hayaƙin ya tafi a banza.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na kawo buhun ajiyar iri mai leda a ciki, ta ce ba za ta sa geron Baba a likkafani ba. Sa'idu ya ce a sussuke a gauraya da toka, ta tambaye shi yaushe ma aka haife shi. Ta ce wannan iri Baba ya gada daga mahaifinsa, ko a shekarun fari bai yanke ba, kuma ba a hannunta zai yanke ba. Na gaji, Yaya. Na gaji da hawa babur a hanyar Kurfi zuwa Rawayau, na gaji da wanke mayafin da ke warin hayaƙi, na gaji da zama muguwa a idon uwata.

Abu ɗaya kawai ta yarda da shi. Ta ce irin nan amana ne, in ɗan mai shi ya zo ya karɓa da hannunsa ita ta sauke nauyi, ya adana yadda ya ga dama. Na miƙa nawa hannun, ta ce ni gidan wasu zan kai shi. Aike ba zai yi ba, waya ma ba za ta yi ba. Damina da sauran nisa, kuma yadda na ji ƙirjinta yana kuka, tsoro nake ji kada geron ya kai shuka ita ba ta kai ba. Don girman Allah ka nemi hutu ka zo ka sauke zangarniyar nan.

Ka gaishe da Anti Surayya, da Zaharaddin da Jannat. Maigidana da Kawu da Sa'idu duk suna gaishe ka. Inno ma tana gaisuwa, ta ce lallai in faɗa maka lafiyarta ƙalau, amma sai da ta huta sau biyu kafin ta ƙarasa faɗa.

Taka ƙanwa,
Rabi.