Gashin Bakin Kawu Jogen

Didi Sulekha, ki taimake ni da shawara kafin ɗana ya kira mini wanzami.

Ni tsohon hedimasta ne a nan Kolkata, na haura saba'in. Tun da na ajiye aiki nake tara shafukan labarun zane, ba bugaggu ba, na asali, waɗanda mai zane ya yi da hannunsa, inda za ki ga sawun fensir a ƙarƙashin tawada da farin fentin da ya rufe kuskure. Suna cikin kabad na ƙarfe da ganyen darbejiya saboda ƙwari. Matata, uwar ɗana Arindam, ta ce sun fi ta samun kulawa da damina, ban yi musu ba.

Watan jiya na je taron masoya labarun zane. Yadda nake zuwa kasuwar kifi haka na je: farin zanen ɗauri, baƙar lema, da gashin bakina da ya girmi ɗana. Ina neman inda ake sayar da shayi, sai wasu samari suka rufe ni da ihu, suna cewa ga Kawu Jogen. Kin san shi ai, mugun tsohon nan na labarin zane da ke korar yara daga bishiyar mangwaro da lema. Kafin in ce uffan sun tura ni kan dandamali. Ashe gasar shigar kwaikwayo ake yi. Na fusata, na ɗaga lema na daka musu tsawa su sauke ni. Didi, ɗakin kamar zai tsage don tafi! Na zo na ɗaya, na doke wani yaro da ya yi wata uku yana ɗinka fukafukai.

Da na kawo kofin gasar gida, uwar Arindam ta dube ni ta ce, "Alƙalan nan suna da ido."

Ga inda daɗin yake. Wanda ya ƙirƙiri Kawu Jogen yana raye, ya tsufa ainun, bai taɓa sayar da shafi ko ɗaya ba. Ya ga bidiyon da aka ɗauke ni a gasar, ya aiko cewa in zo taron Delhi wata mai zuwa, in hau dandamali tare da shi, zai ba ni shafin da Kawu ya fara bayyana, da hannunsa. Tun ranar, a tsakiyar cin shinkafa sai in kama dariya ni kaɗai. Har gwada tsawa nake yi a banɗaki.

Ga kuma inda ɗacin yake. Ana maganar auren jikata Tuli da ɗan wani gida na alƙalan kotu, mutanen da ko tari a hankali suke yi. Arindam ya ce in suka gane kakan amarya ne ke yawo a wayoyin mutane yana wasa da lema, za su janye. Yana so in aske gashin baki har a gama biki. In na aske, babu Kawu, babu shafi. Ya zan yi?

Tsoho Mai Lema, Shyambazar

Malam Hedimasta,

Na yi dariya har sai da na cire tabarau, amma bari mu yi maganar hankali.

Ɗanka ba mugu ba ne. Uba ne mai tsoron a ƙi 'yarsa, kuma mun san ana fasa aure kan abin da bai kai wannan ba. Kada ka yi masa tsawar da ka yi wa samari. Sai dai dabararsa ba za ta yi aiki ba. Aski ba ya goge bidiyo, kuma in dangin ango suka gano daga baya, abin da za su riƙe shi ne an ɓoye musu. Gara ku gayyace su shan shayi, ka faɗa musu da bakinka, ka buɗe kabad ka nuna musu. Gidan da zai fasa saboda wannan, gara Tuli ta san halinsu tun tana gidan ubanta.

Kai ma ina da magana da kai. Ka ce shafi kake so, amma ni na ji ɗanɗanon tafin nan a wasiƙarka. Ba laifi ba ne, ka dai sani.

Sannan ka faɗa mini ra'ayin ɗanka da na matarka, har da na mai zane. Ina na Tuli? Aurenta ne fa. Ka zauna da ita ku biyu, ba tare da ubanta ba, ka tambaye ta, kuma kada ka yi mata fuskar tausayi. In ta ce ka je, ka sayi tikitin jirgin ƙasa guda biyu ta raka ka. In ta ce tana tsoro, ka aske da hannunka, ka aika wa mai zanen gaskiyar dalili, ka bar masa ya yanke abin da ya ga dama. Wataƙila ka rasa shafin, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma ranar bikinta za ka iya kallon idonta.

Ubangiji ya ba Tuli gidan da ake dariya da ƙarfi, kai kuma ya ƙara maka lafiya.

Didi Sulekha